Yaya Hanya, 'Yar Fillo?

Bebeji, bayan sallar asuba

Kafin a tayar da sallar asuba na riga na gama shirya kaya a bayan mota: rabin buhun gero, kanwa, dakakken yaji, man shanu, da turamen atamfa biyu. Kayan jego ne na autarmu Rabi, wadda ta haihu a Doguwa, suna kuma washegari. Malam ya dawo daga masallaci, ya zagaya motar yana bubbuga tayoyi da ƙafa kamar yadda ya saba, ya duba ruwa da baƙin mai, ya yi bismilla. Shida saura muka bar ƙofar gida, gari bai gama wayewa ba.

Ku matan ajinmu na yamma, ku kuka ce in na dawo in rubuto muku labarin tafiya tunda hannuna ya fara sabawa da biro. To ga shi. Wadda ta ga kuskure ta gyara a ranta ta yi shiru, ni da furfura a kaina na fara koyon baƙi.

Amma kafin mu hau kwalta bari ku san abin da muka fito da shi a zuciya, don ya fi buhun geron nauyi. Ana saura 'yan kwanaki tafiyar, babban yaron nan namu na Kano, wanda ba na kama sunansa, ya bugo waya. Wai a bar Baba ya huta da tuƙi, zai turo direba ya kai mu. Ba ranar ya fara ba, shi da ƙannensa sun daɗe suna kewaye-kewaye a kan makullin motar nan. Na ce masa, "Ubanka yana murza sitiyari tun ba a san za a haife ka ba, bai taɓa take ko kazar mutane ba. Ranar da ka ji ya goge wa wani fenti, ka tako da ƙafarka ka zo, ni zan miƙa maka makullin. Kafin nan kowa ya kama bakinsa." Malam yana gefe yana jin mu. Mutumin da bai iya noma ba, bai iya ciniki ba, in ka raba shi da makulli me ka bar masa ban da zaman dakali?

Na buɗe ƙofar baya na zauna a bayan kujerarsa, jikin tagar hagu. Mai shayin layinmu yana hura wuta, ya ɗaga murya ya ce, "Hajiya da direbanta, a sauka lafiya."

Na ce, "Tunda abin ya dame ka, kai za ka biya shi albashin wannan watan."

Duk garin an san nan ne wurin zamana. Kaɗan ne suka san dalili.

Titin Zariya

Da muka hau babban titi ba wata shawara da ake bukata, hannun zuwa daban, na dawowa daban. Don haka bari in ba ku dalilin a nan.

Sanda aka kawo ni gidan Malam daga rugarmu ta wajen Burumburum, wata tsohuwar babbar mota yake ja, mai bodin katako, sitiyarinta a dama, irin na kafin a canja hannu a ƙasar nan. Da aka koma bin hannun dama, irin waɗannan motoci suka faɗi warwas, shi ya sa ƙarfinsa ya kai ya saya. To amma ku duba: direba yana zaune a dama, gefen daji. In ya tarar da wata babbar mota a gabansa, ba abin da yake gani sai ƙeyarta. Kafin idonsa ya hango abin da ke tahowa sai ya fitar da motar gaba ɗaya tsakiyar titi, lokacin kuwa in akwai mai tahowa magana ta ƙare. Saboda haka wanda ke kujerar hagu shi ne ido. Shi zai leƙa ya ce a fita ko a zauna.

Wanda Malam ya ɗauka don wannan aiki gwanin gyangyaɗi ne. Wata rana ya farka daga barci ya ce a fita, Allah ne kawai ya yi da sauran kwana. Malam ya dawo gida ya kasa cin tuwo. Na ce masa ni zan zauna a kujerar. Ni da nake bambance saniyarmu da ta maƙwabta daga wancan ƙetaren fadama, mota ce za ta ɓuya mini? Ya ce me mutane za su ce. Na ce su faɗa, ba su za su yi mini takaba ba.

Sun kuwa faɗa. Har wajen surukata aka kai ƙara, wai amarya ta zama yaron mota. Tsohuwar, Allah ya jiƙanta, ta ce in dai ɗanta zai dawo mata da rai, ko a kan bodi na ga dama in zauna. Haka muka yi shekaru muna ɗauko masara da rake daga Doguwa, shinkafa daga Tudun Wada, ni ma ina 'yar saro nawa a gefe. Maganarmu a hanya ba ta da yawa. Shi zai ce, "Yaya hanya, 'yar Fillo?" Ni kuma ɗaya cikin biyu: "Fita," ko "Zauna." Bai taɓa yi mini musu ba, ban taɓa kai shi ga halaka ba.

Da tsohuwar motar ta mutu murus muka koma motoci masu sitiyari a hagu, bukatata ta ƙare, don yanzu shi ke gefen da ake gani. Amma bakinsa ya riga ya saba da tambaya, ni kuma kunnena ya saba da ji. Sai na koma bayansa, inda nake iya leƙawa ta taga. Ko a wannan ƙaramar motar da yaran suka haɗa suka saya masa, bai fasa ba.

Kwanar Dangora

Bakwai ta ɗan gota muka iso Kwanar Dangora, a ƙasar Kiru, inda za mu saki titin Zariya mu kama hanyar Jos. Wurin yana nan da hayaniyarsa: masu rake, masu ƙosai, masu balangu suna hura gawayi, 'yan kamasho suna shelar Tudun Wada da Saminaka. Muka tsaya karyawa. Malam shayi da burodi, ni koko da ƙosai. Ƙosan kuwa sun ƙanƙance kamar goriba ta yi ciwo, na faɗa wa mai suyar haka a gabanta. Ta ce wake ya yi tsada. Na ce to ai hannunki bai yi tsada ba, ƙara ɗaya. Ta ƙara.

Muna zaune na ji ana tafi daga ƙetaren titi, Malam bai kula ba. Can sai ga mutum ya tsaya a kanmu. Ɗanladi ne, tsohon abokin tuƙin Malam, wanda yanzu ke sayar da baƙin mai a bakin tasha.

"Sule, girman kai ka koya da tsufa? Tun ɗazu nake ɗaga maka hannu kana kallona kamar kututture."

Malam ya miƙe da sauri ya riƙe hannunsa. "Ɗanladi, kai ne? Hankalina yana kan tayar baya, kamar ta rage iska."

"Tayar lafiyarta ƙalau." Ya juyo wajena ya gaishe ni. "Har yanzu ke ce mai ba da hanya?"

"Har gobe. Kai da ba ka samu mai ba ka ba, ga ka nan kana auna mai da kwalba."

Ya yi dariya har da tari. Suka shiga lissafa abokai, wane ya rasu, wane yana kwance, wane 'ya'yansa sun ɗauke shi zuwa birni. Ɗanladi ya ce shi tun ranar da ya saki sitiyari yake barci har da minshari. Malam ya ce shi kam ranar da ya saki, a fara haƙa kawai. Na ce su bar mana maganar mutuwa da sassafe, muna da suna a gaba.

Hanyar Tudun Wada

Daga nan titi ya koma ɗaya, mai zuwa da mai dawowa suna gogar juna. Damina ta yi nisa, gonakin dawa sun rufe gefe da gefe, shinkafa ta fara ja a fadamu. Manyan motoci kuwa kamar an buɗe musu shinge.

Ban taɓa riƙe sitiyari ba, amma na kalli hannuwan mutumin nan fiye da yadda na kalli fuskarsa, don haka zan iya faɗa muku yadda ake wuce mota. Ba ya manne wa ƙeyar ta gabansa. Yakan ce wanda ya kafa hanci a gindin tirela ya rufe wa kansa ido, sai ya ja baya ya bar fili. Hannu biyu a kan sitiyari, ɗaya a kowane gefe, ba ya haɗa su wuri guda, ba ya sarƙe su. Zai duba madubi ko wani ya riga shi fitowa daga baya, ya kunna sigina, ya rage giya don mota ta sami ƙarfi, ya taɓa hon sau biyu kamar mai sallama. Sannan ya zare motar a hankali, ba fizga ba. Ba ya komawa hannunsa sai ya ga fuskar wadda ya wuce gaba ɗaya a madubi. Ba ya wuce mota a kwana, ko a hawa, ko a kan gada, ko a bakin kasuwa. Tsohuwar motarmu sai ka juya sitiyarinta kamar mai tuƙa tuwon biki kafin ta ji, wannan kuwa da ɗan yatsa take juyawa. Wata guda ya yi yana zagaya filin makaranta da ita kafin ya yarda ya hau titi, wai sai hannunsa ya manta da ƙarfi.

Yanzu ga abin da ban taɓa faɗa muku ba. Kun tuna bara da na tayar da rigima a aji, na ce allin Malama ba shi da kyau, rubutun allo ba ya fitowa? To ba alli ba ne. Yanar ido ce ta fara rufe mini gani. Littafin da ke hannuna ina karanta shi, amma abin da ke nesa sai ya zama kamar ana kallonsa ta cikin ruwan tsari. Ban faɗa wa kowa ba, har Malam. Ni da ake yi wa kirari da ido, in buɗe baki in ce ya tafi? Kuma na ga ba wata ɓarna. Shi ne a gefen gani, yana ganin hanyarsa, tambayar da yake yi mini ta sabo ce kawai, irin ta tsofaffin da suka daɗe tare. Sai na koyi wata dabara: in na ji ya rage giya, na san ya ga fili, sai in ce fita.

Muka tarar da wata a-kori-kura cike da awaki.

"Yaya hanya, 'yar Fillo?"

Na leƙa don cika al'ada. Na ji giya ta sauka. "Fita."

Muka wuce sumul. Haka muka yi da wata tanka, haka da motar itace. Kowane karo yana tambaya, kowane karo ina amsawa, raina fes.

Tudun Wada da shingen bakin daji

Wajen tara muka shiga Tudun Wada. Ƙamshin shinkafar da ake turarawa ya tarye mu tun daga bakin gari, mata sun shanya ta a kan tabarmi da leda har gefen kwalta. Muka sha mai, na sayi kwano biyu na sabuwar shinkafa don mai jego, na tsaya a kan mai awo sai da ya cika ya yi tozo. A da nan muke kwana in dare ya yi mana, a gidan wata dattijuwa mai tuwo da ke ba ni ɗakinta, Malam ya kwana a mota. Na nemi gidan da ido ban gane shi ba, shaguna sun cinye wurin.

A bakin dajin Falgore akwai shingen jami'an tsaro. Wani ya leƙo, ya ga furfurar Malam, ya sassauta murya.

"Baba, sannu da ƙoƙari. Ina zuwa?"

"Doguwa, suna."

"Allah ya raya. A bi a hankali, manyan motoci sun yi yawa yau."

Na ce, "Ɗana, wannan da kake gani ya san dajin nan tun bishiyoyinsa suna yara."

Ya yi murmushi ya janye itacen, muka shige.

Dajin Falgore

Duk wanda ya san dajin nan ya san sanyinsa. Bishiyoyi sun haɗe, inuwa tana faɗowa a kan kwalta yanki-yanki, nan haske nan duhu. Birai suna zaune a gefen hanya kamar masu jiran mota. Malam ya rage gudu ya ce ko na tuna inda tsohuwar motar ta taɓa tsinke mana da lodin masara, muka wuni muna gasa ta mutane muna ci. Na ce na tuna, har yau ba mu biya mai masarar ba. Muka yi dariya. Wallahi a lokacin ji na yi kamar in na waiga zan ga bodin katako a bayana da goyo a cinyata.

Sai muka cim ma wata tirela ɗauke da siminti, tana tafiya kamar mai ciwon baya. Muka bi ta a kwana, muka bi ta a hawa. Da hanya ta miƙe, Malam ya ja baya, ya kunna sigina.

"Yaya hanya, 'yar Fillo?"

Na leƙa. Haske da inuwa, inuwa da haske, ban ga abin da ke motsi ba. Giya ta sauka.

"Fita."

Muka fita. Mun kai tsakiyar tirelar, tayoyinta suna gurnani a gefenmu, sai wata inuwa daga cikin inuwoyin nan ta buɗe fitilu ta kwarma hon. Bas ce mai ruwan toka, cike da mutane, ta taho a guje. Sanda na gan ta har ina iya ganin farar hular direbanta.

Ba zan ce muku na yi salati ba. Abin da na gani kawai hannuwan Malam ne. Wani zai fizgi sitiyari ya shige ƙarƙashin tirela, ko ya watsa mu daji ta ɗaya gefen. Shi bai fizga ba. Ya ɗauke ƙafa daga totur, ya taka birki da nauyi amma bai danne shi gaba ɗaya ba, ya riƙe motar a miƙe tana ja da baya a jikin tirelar har ƙeyarta ta wuce mu. Sannan ya karkata hannu kaɗan, kamar mai kawar da labule, muka koma bayanta. Bas ɗin ta sauka da taya biyu a gefen titi ta wuce, iskarta ta girgiza mu, wani daga ciki yana zagin iyayenmu. Ya yi daidai, da ni ce ma abin da zan yi ke nan.

Malam ya sami fili ya sauka gefe ya kashe mota. Gero ya zube a baya, ina jin sa yana tsiyaya.

Na ce, "Malam, ba ka gan ta ba?"

Bai juyo ba. "Ke kika ce in fita."

"Na ce ka fita don na ji ka rage giya. Ai kai ke gaba, kai ke gani."

"Kullum ina rage giya kafin ki yi magana, don in kin ce fita in kasance a shirye." Sannan ya ce, "Dije, ke ba ki gan ta ba?"

Rabon da ya kira sunana tun muna da ƙuruciya. Na ce, "Tun bara ba na ganin nesa."

Sai ya juyo ya dube ni. A nan, da hasken da ya faɗo ta gilashi, na ga abin da na kwana da shi na tashi da shi ban lura ba: fari-fari a tsakiyar idanunsa duka biyu.

"Ni na fi shekara biyu," in ji shi. "Kusa ina gani. Nesa kuwa na ce ai ina da ke."

Ashe Ɗanladi ba girman kai aka yi masa ba. Ashe tun daga Kwanar Dangora, kai, tun bara, makafi biyu ne a mota, kowa yana zaton ɗan'uwansa ne ɗan jagora. Na so in yi masa faɗa, na fasa, don duk abin da zan jefe shi da shi nawa ne.

Na ce, "Ba ka goge fentin kowa ba. Abin da na faɗa wa yaron nan bai faɗa kanka ba."

"Na sani."

"Ba wanda ya gani sai birai."

"Da mutanen cikin bas ɗin," ya ce. "Akwai mai goyo a gaba. Ita kam na gan ta, da ta zo kusa."

Daji ba wurin zama ba ne, kuma ba mai ja sai shi. Ya tayar da mota muka sake cim ma tirelar simintin, ya bar fili mai yawa tsakaninmu, ya bi ta. Ƙananan motoci suna zuwa suna yi mana hon suna wucewa, wani matashi har da leƙowa yana cewa Baba a sayar a sayi jaki. Mutumin da a da direbobi ke ba labarin yadda yake zare mota, haka ya bi bayan siminti har muka fita daga daji, bai tambaye ni hanya ba ko sau ɗaya. Hanyar lafiya a bi ta da shekara. Amma ban taɓa jin shiru mai nauyin wannan ba.

Doguwa

Ana kiran azahar muka tsaya a ƙofar gidan surukanmu. Yara suka yo kanmu da murna. Malam ya kashe mota, ya zare makulli. Maimakon ya jefa shi a aljihun gaba kamar kullum, sai ya miƙo shi ta saman kafaɗarsa, ta baya, bai waigo ba. Na karɓa. Da ɗuminsa. Na ƙulle shi a bakin zanena muka shiga.

Rabi lafiya lau, jaririya kuwa ga gashi ga hanci, ta ɗebo mutanen rugarmu. Aka sauke ni a ɗakin uwar mijinta, Malam a shagon zaure. Aka kawo tuwon masara miyar kuɓewa ɗanya, da kunun kanwa, da rake an feraye. Washegari aka raɗa suna, aka ce Hadiza, wato ni aka yi wa takwara. Na ɗauke ta na kawo ta dab da fuskata don in gan ta sosai. Rabi ta ce, "Inna, sai ka ce za ki haɗiye ta." Na ce ki bar ni, ina duba ko an yi mana algus.

Da la'asar na sa aka kira mini mijin Rabi, Sa'idu, malamin gona ne kuma yana tuƙi. Ya durƙusa daga bakin ƙofa, kansa a ƙasa. Tsakanina da shi sai gaisuwa, amma ranar na ajiye kunya a gefe. Na kwance makullin na ajiye a gabansa.

"Gobe kai za ka mayar da mu Bebeji."

"Inna, ko jikin Baba ne?"

"Jikinsa garau. Idonsa ne, da nawa. Kuma in ka kira na Kano ka faɗa masa kafin ni, sai na saɓa maka."

Komawa

Bayan hantsi muka kamo hanya. Malam a gaba gefen Sa'idu, ni a wurina na kullum. Ba mu yi nisa ba waya ta yi ƙara, Sa'idu ya saki hannu ɗaya zai laluba aljihu. Malam ya fara gyaran murya yana neman lafazi mai laushi irin na surukai. Ni ba ni da wannan lokacin. Na ce, "Mayar da hannun nan inda ka ɗauko shi. Mai kiran ba ya cikin motar." Ya mayar.

Daga nan Malam ya sami bakin magana. Ja baya kaɗan, ka manne mata da yawa. Sassauta riƙon, ba maƙogwaron ɓarawo ba ne. Kada ka koma tukuna, ka ga fitilunta biyu a madubi? To yanzu. Sa'idu yana cewa to Baba, to Baba, kuma yana yi. Kafin Tudun Wada hannunsa ya fara laushi. Na lura muryar Malam ta dawo, har yana ba shi labarin tsohuwar mota.

A Kwanar Dangora Ɗanladi ya hango mu, ya zo ya leƙa ya ga wanda ke kujerar direba. Ya buɗe baki zai yi tsiya, ya dubi fuskar abokinsa, ya fasa. Ya ce, "Akwai benci a rumfata, Sule. Inuwa har la'asar." Malam ya ce zai zo, amma ba zai auna wa kowa mai ba.

Malam ne ya ce a ratse da mu Bagauda. A da in mun sauke lodi da wuri nan muke zuwa, mu sayi soyayyen kifi wajen masunta mu zauna bakin ruwa, muna kallon fitilun otal ɗin nan da manyan mutane ke sauka. Yanzu wurin ya tsufa kamar mu. Sa'idu ya tafi neman kifi, muka zauna a kan wani dutse. Ruwan ya zama farin abu guda shimfiɗe, ban san inda ya ƙare sama ta fara ba. Malam ya ce akwai kwalekwale can. Na ce ƙarya kake, ba ka gani ba. Ya ce ƙarar filafili ya ji.

Da muka koma kan hanyar gida, wata motar yashi ta tare mu. Sa'idu ya ja baya, ya duba madubi, ya kunna sigina, ya rage giya. Sai na ji daga kujerar gaba, a hankali, ba da niyya ba:

"Yaya hanya, 'yar Fillo?"

Na ce, "Ban gani ba, Malam."

Ya ce, "Ni ma."

Sa'idu ya leƙa da idonsa, ya ga fili, ya zare mu sumul.

Gida

Mun shigo Bebeji ana shirin magariba. Mai shayi ya buɗe baki, na ɗaga masa yatsa, ya rufe. Da kaina na kira na Kano na faɗa masa, na kuma ce in na ji kalmar "ai dama na faɗa" zan kashe wayar. Bai faɗa ba. Zai zo ya kai mu asibitin ido mu biyu, an ce yanar ido ana cire ta. Ko an cire ko ba a cire ba, Malam ya ce shi da babban titi sai dai a ja shi. Makullin yana rataye a ƙusa a ɗakina.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, ya kuma tsare bayinsa da ke cikin bas ɗin nan daga sharrin rufin asirinmu. Na gode wa surukanmu na Doguwa da karamcinsu, da Sa'idu da ya sha faɗa bai yi fushi ba. Direban bas mai farar hula, ban san ka ba, amma zaginka ya halatta, Allah ya saka maka da alheri da ka sauka gefe.

Ku kuma matan aji, ranar Litinin ina nan tafe. Bencin gaba nake so, dab da allo. Wadda ke zaune a wurin ta fara neman wani tun yanzu.